KALLON TAURARI A CIKIN DUHU

Idan rana ta faɗi, duhu ya rufe ƙasa, wanda ya ɗaga kai zai ga taurari sun watsu a sama kamar an barbaɗa gero a kan baƙin zane. Tun zamanin kaka da kakanni mutane suke kallonsu. Matafiya cikin hamada da su suke gane hanya, manoma kuwa da su suke lura da gabatowar damina. Hausawa sun sa wa waɗansu suna. Akwai Zara matar wata, akwai Gamzaki mai fitowa da asuba, akwai kuma Kaza da 'Ya'yanta.

A ƙasashe da yawa akwai mutanen da suka mai da kallon taurari abin sha'awarsu. Ba sana'arsu ba ce, ba kuwa wanda yake biyansu. Wani malamin makaranta ne, wani ɗan kasuwa, wani makaniki. Da rana kowa yana wajen neman abincinsa. In dare ya yi, sai su ɗauki madubin hangen nesa, su fita bayan gari, su nemi wuri mai duhu, su kwana suna duban sama. Wannan darasi labarinsu ne, da labarin abin da ɗaya daga cikinsu ya gani.

Me ya sa ake neman duhu?

Taurari ba su tafiya ko'ina da rana. Suna nan a sama, hasken rana ne ya fi ƙarfinsu, ya rufe su. Misalinsu kamar mai raɗa ne a tsakiyar kasuwa. Yana magana, amma hayaniya ta hana a ji shi.

To, abin da rana take yi wa taurari, shi ne fitilun birni suke yi musu da dare. Fitilun titi da na gidaje da na kantuna suna jefa haske sama. Hasken nan ya bugi ƙura da laimar da ke cikin iska, ya warwatsu, sai sama ta yi fari-fari, ƙananan taurari su ɓace. Mutumin da ke tsakiyar babban birni da ƙyar yake ganin taurari 'yan gomomi. Amma wanda ya tsaya a daji, nesa da kowace fitila, a daren da babu wata, yana iya ganin taurari wajen 2,500 da idonsa kawai.

Wata ma yakan hana gani. Farin wata na 'yan gaɗa ne da masu tatsuniya. Mai kallon taurari shi duhun wata yake jira, watau kwanakin ƙarshen wata da na farkonsa. Hazo kuma abokin gābansa ne. Saboda haka a ƙasar Hausa daren da ya fi kyau shi ne wanda ruwa ya wanke sama, gajimare ya yaye, ko kuwa cikin kaka, tun hazon hunturu bai sauko ba.

Shi kansa ido yana bukatar a ba shi lokaci. A tsakiyar ido akwai wata 'yar ƙofa baƙa, ta nan haske yake shiga. Cikin hasken rana takan tsuke, cikin duhu kuwa ta buɗe, har faɗinta ya kai wajen milimita 7. Amma ido ba ya sabawa da duhu sosai sai an yi minti 20 ko 30. In aka haska farar tocila sau ɗaya, aikin ya ɓaci, sai a sake jira. Don haka masu kallon taurari sukan rufe bakin tocilarsu da jan ƙyalle ko jar takarda, gama jan haske maras ƙarfi ba ya ɓata sabon ido da duhu.

Madubin hangen nesa

A shekarar 1608 wani mai yin tabarau a ƙasar Holan, sunansa Hans Lipperhey, ya nuna wa hukumar ƙasarsu wani bututu mai gilashi biyu, ɗaya a kowane baki. In mutum ya leƙa ta ciki, sai abin da ke nesa ya zama kamar yana kusa. Labari ya kai kunnen wani malami a Italiya, ana ce da shi Galileo. A shekarar 1609 ya ƙera nasa, ya ɗaga shi sama. Cikin watan Janairu na 1610 ya ga waɗansu 'yan watanni huɗu suna kewaya Mushtari, abin da ba wanda ya taɓa ba da labarinsa kafin zamanin nan. Daga baya, a shekarar 1668, Isaac Newton na Ingila ya ƙera wani iri dabam. Shi maimakon gilashin gaba, sai ya sa madubi mai zurfi kamar kasko a gindin bututun. Yawancin manyan madubai na masu sha'awar taurari irin na Newton ne.

Yara da yawa suna tsammani aikin madubin hangen nesa shi ne ƙara wa abu girma kaɗai. Babban aikinsa shi ne tara haske. A ce ana ruwan sama, yaro ɗaya ya ajiye kwalba a tsakar gida, ɗaya kuwa ya ajiye babban daro. Kowa ya san wanda zai fi samun ruwa. To, ƙofar ido ita ce bakin kwalba, madubi kuwa shi ne daro. Yana tara hasken da ya sauko daga tauraro, ya tattara shi wuri ɗaya, ya zuba shi cikin ido. Madubi mai faɗin santimita 15 yana tara haske fiye da sau 400 na abin da ido yake tarawa. Saboda haka tauraron da ido ya kasa gani sai ya fito sarai.

Abin da ake gani

Mai koyo yakan fara da wata, gama shi ne ya fi kusa. Tsakaninsa da duniya wajen kilomita 384,000 ne. Cikin madubi ba ya zama sumul kamar faranti. Cike yake da duwatsu da filaye da ramuka masu zagayayyen baki, waɗanda manyan duwatsun sarari suka haƙa sa'ad da suka faɗo masa. An fi ganinsu in wata ya kwana bakwai ko takwas, domin a lokacin nan rana tana haska su daga gefe, kowane tudu yana da inuwarsa.

Bayan wata sai Zara. Masana sun tabbatar Zara da ake gani da almuru, da Gamzaki da ake gani da asuba, abu ɗaya ne. Larabawa suna ce da ita Zuhura. Ba ta da hasken kanta. Duniya ce mai kewaya rana kamar wannan da ake zaune a kai, hasken rana take mayarwa. Cikin madubi wani lokaci takan zama rabi, wani lokaci kamar jinjirin wata.

Mushtari kuwa ana ganinsa da ratsi-ratsi a jiki, ga 'yan watanninsa huɗu a jere kamar ɗigon tawada. In an duba yau, aka sake dubawa gobe, sai a tarar sun sake wuri. Amma abin da ya fi ba mai koyo mamaki shi ne Zuhal, gama wani zobe ne ya kewaye shi, kamar gefen malafa. Zoben nan ba dunƙulallen abu ba ne, gutsattsarin ƙanƙara ne da ba su ƙidayuwa, suna ta zagaya shi.

Kaza da 'Ya'yanta, mai kaifin ido yakan ƙirga shida ko bakwai. Ko da ƙaramin madubi ne, sai a ga ashe kazar nan 'ya'yanta sun fi hamsin. Masana sun ƙirga fiye da 1,000 a cikin garken.

A wuri mai duhu sosai ana ganin wani farin abu kamar hayaƙi, ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan. Turawa suna kiransa Hanyar Madara. Galileo ya duba shi, ya ga ashe taurari ne cunkushe, nisa ya sa suka haɗu suka zama kamar hayaƙi. Rana ma tauraruwa ce, ɗaya daga cikin wannan babban taro mai taurari fiye da biliyan 100.

Nisan taurari ya wuce a auna shi da kilomita, sai da tafiyar haske. Haske yana cin kilomita 300,000 cikin daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa duniya yakan yi minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Daga tauraron da ya fi kusa, ban da rana, sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni a hanya. Akwai wani taron taurari da ake kira Andromeda, ana ganinsa da ido a wuri mai duhu kamar ɗan tabon gajimare. Hasken da yake shiga ido yau ya baro can tun shekara wajen miliyan biyu da rabi da suka wuce.

Labarin Thomas Bopp

A jihar Arizona ta ƙasar Amurka, an yi wani mutum mai suna Thomas Bopp. Yana aiki a wani kamfanin kayan gini a yankin birnin Finiks. Ba masanin taurari ba ne, amma tun yana yaro yake son kallonsu. A lokacin da wannan labari ya faru ba shi da madubin kansa. In abokansa za su fita hamada, sai ya bi su, su ba shi aron nasu.

A daren 22 ga watan Yuli, 1995, suka fita nesa da fitilun Finiks, suka sauka a hamada kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Stanfield. Wani abokinsa ya kafa madubinsa mai faɗin inci 17 da rabi, watau wajen santimita 44. Irin wannan yana tara haske kusan sau 4,000 na abin da ido yake tarawa. Suka auna wani curin taurari da masana suka sa wa lamba M70, suna leƙawa bi da bi.

Da Bopp ya sa ido, sai ya lura da wani ɗan abu dushi-dushi kusa da curin nan, kamar an goga alli da yatsa. Wani da ya gan shi sai ya wuce, ya ce ai irin abubuwan nan suna da yawa a sama. Shi kuwa ya tsaya, ya kira abokinsa. Suka buɗe taswirar taurari, suka duba, suka ga ba a rubuta kome a wannan wuri ba.

Duk da haka ba su yi garaje ba, gama akwai gwajin da ake yi. Taurari duka suna tafiya daga gabas zuwa yamma cikin dare, saboda juyawar duniya, amma tare suke tafiya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta sākewa. Abin da yake kewaya rana shi ne yake gusawa a tsakaninsu, kamar tunkiya guda mai tafiya cikin garken da ke kwance. Saboda haka suka lura da inda abin nan yake, suka jira wajen sa'a guda, suka sake dubawa. Sai ga shi ya ɗan gusa. Nan suka tabbata tauraro mai wutsiya ne.

A birnin Kambirij na jihar Massachusetts akwai ofishin da ake kai wa irin wannan labari a zamanin nan. Al'ada kuwa ita ce, wanda ya fara gani ya ba da labari, sunansa ake sa wa tauraron. In mutum ya yi jinkiri, wani ya riga shi. Bopp ya shiga mota cikin daren nan, ya koma gida, ya buga wa ofishin waya ta telegiram.

Ashe a wannan dare, can a jihar New Mexico, wani masanin taurari mai suna Alan Hale yana tsaye a ƙofar gidansa da madubinsa. Shi ya daɗe yana neman tauraro mai wutsiya, ya ɓad da sa'o'i ɗaruruwa bai samu ba. Shi ma ya auna M70, ya ga abin nan, ya jira ya ga ya gusa, ya aika da saƙo ta kwamfuta. Mutanen nan biyu ba su san juna ba, ba kuwa wanda ya ji daga wani. Da hukumar ta bincika, sai ta raba musu daidai, aka sa wa tauraron suna Hale-Bopp.

Mene ne tauraro mai wutsiya?

Mutanen dā a ƙasashe da yawa sukan tsorata in sun gan shi, su ce alama ce ta yaƙi ko yunwa ko mutuwar sarki. Yanzu an san abin da yake. Wani ƙaton curi ne na ƙanƙara da ƙura, yana kewaya rana ta wata doguwar hanya. In yana nesa, a daskare yake, ba shi da wutsiya. In ya kusato, zafin rana ya taɓa shi, sai tururi da ƙura su riƙa tashi daga jikinsa. Rana kuma ta tura su baya, su miƙe su zama wutsiya. Shi ya sa wutsiyarsa kullum take juya wa rana baya.

Sa'ad da Bopp da Hale suka gan shi, yana tsakanin hanyar Mushtari da ta Zuhal, fiye da kilomita miliyan 1,000 daga rana. Ganinsa daga wannan nisa ya nuna wa masana cewa babba ne ƙwarai. Haka kuwa aka yi. A cikin shekarar 1996 aka fara ganinsa da ido. Ranar 1 ga watan Afrilu, 1997, ya kai matuƙar kusantarsa da rana, ya yi haske har mutanen birane suna ganinsa. Wata 18 cur ana kallonsa ba tare da madubi ba, sa'an nan ya koma inda ya fito. Ba zai dawo ba sai bayan shekara wajen 2,400. Thomas Bopp ya rasu a shekarar 2018, amma sunansa yana can yana tafiya cikin sarari.

Abin lura a nan shi ne, Bopp ba dukiya ce ta kai shi ga wannan ba, madubin ma na aro ne. Abu uku ya haɗa. Ya tafi inda akwai duhu. Ya lura da ƙaramin abu bai rena shi ba. Ya kuma yi haƙuri ya gwada kafin ya yi magana. Da ya zauna a tsakiyar Finiks a daren nan, da fitilu sun rufe masa ɗan tabon nan, ko da wane irin madubi yake riƙe da shi.

Duhu yana ƙarewa

Wutar lantarki alheri ce babba. Da ita ake aiki a asibiti, da ita yara suke karatun dare. Amma fitilar da aka bari tana haska sama ba ta amfanin kowa. A shekarar 2016 masana suka fito da taswirar hasken dare ta duniya duka. Suka nuna cewa fiye da mutum ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba su iya ganin Hanyar Madara daga inda suke zaune. Akwai yaran da aka haifa a birni, suka girma, ba su taɓa ganinta ba ko sau ɗaya. Ba mutane kaɗai abin ya shafa ba. Tsuntsaye masu ƙaura da dare sukan ruɗe saboda fitilun birane, su ɓace hanya.

Don haka waɗansu suka tashi tsaye. Tun a shekarar 1958 garin Flagstaff na Arizona ya kafa dokar hana haska manyan fitilu sama. A 1988 aka kafa ƙungiyar kare duhun sama a birnin Tucson, ita ma a Arizona. Ƙungiyar takan zaɓi wurare masu kyakkyawan duhu, ta sa su cikin lissafinta, a riƙa kiyaye su. A 2012 gandun dajin NamibRand na ƙasar Namibiya ya shiga wannan lissafi. Mutane sukan taso daga ƙasashe masu nisa, su biya kuɗi mai yawa, don su kwana can su ga taurari.

Taswirar nan ta 2016 ta nuna kuma cewa ƙasar Chadi tana cikin ƙasashen da mutanensu suka fi kowa samun duhun sama mai tsabta. Haka yaron ƙauye ko na ruga, wanda ke kwana nesa da fitilun birni, yana da abin da attajirin babban birni yake tafiya neman sa. Gyaran kuwa ba shi da wuya. A sa wa fitilar waje hula, ta riƙa haska ƙasa inda ake bukata. Wadda ba a aiki da ita kuwa a kashe ta.

Yadda yaro zai fara

Ba sai yaro ya sami madubi zai fara ba. Ya nemi izinin iyayensa, ya fita tare da wani babba, a daren duhun wata. Ya sa takalmi saboda kunama da maciji, ya ɗauki tabarma da mayafi. Ya kwanta rigingine, ya ba idonsa rabin sa'a. Ya roƙi tsofaffi su nuna masa taurarin da suka sani da sunayensu. Sa'an nan ya sami littafi, ya riƙa zana abin da ya gani, ya rubuta rana da lokaci. In ya yi wata uku yana haka, zai ga taurarin da ke gabas da almuru sun hau tsakiyar sama.

Akwai gargaɗi guda wanda bai kamata a manta da shi ba. Kada a kuskura a dubi rana da madubin hangen nesa, ko da na ƙiftawar ido ne. Madubin da yake tara hasken tauraro, haka yake tara zafin rana, ya zuba shi cikin ido, ya ƙone shi nan take. Irin wannan makanta ba ta da magani.

Sama a buɗe take ga kowa, da sarki da talaka. Wanda ya saba da dubanta zai ƙara sanin girman halittar Allah, ya kuma koyi lura da haƙuri. Mai nema yana tare da samu.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a ganin taurari da yawa a cikin babban birni?
2. Don me masu kallon taurari suke rufe tocilarsu da jan ƙyalle?
3. Bayyana misalin kwalba da daro. Me yake koyarwa game da madubin hangen nesa?
4. Mene ne tsakanin Zara da Gamzaki?
5. Ta yaya Thomas Bopp ya tabbatar abin da ya gani tauraro mai wutsiya ne?
6. Me ya sa aka sa wa tauraron sunan mutum biyu?
7. Faɗi hanya biyu da za a bi a kiyaye duhun sama.

Aikin yi

Ka tambayi wani tsoho a gidanku sunayen taurari uku, da abin da mutanen dā suke ganewa da su. Ka rubuta abin da ya gaya maka, ka kawo wa malaminku.